Gadon Siyasar Ingila a Mulkin Amurka

 Tafiyarmu ta yau mai nisa ce. Za mu tsallaka tekun Atlantika, mu koma baya shekaru ɗaruruwa, mu dubi inda mutanen Amurka suka samo salon mulkinsu tun suna talakawan sarkin Ingila.

A shekarar 1775, bayan an fara musayar wuta tsakanin sojojin sarki da mazauna yankin Massachusetts, shugabannin yankin suka yi fatali da hatimin sarki, suka sa aka sassaƙa musu sabo. Wani maƙerin azurfa na birnin Boston mai suna Paul Revere ne ya yi aikin. A jikin hatimin akwai mutum tsaye, takobi a hannun damansa, hannun hagu kuma riƙe da wata takarda. Takardar nan ita ce Magna Carta, yarjejeniyar da wani sarkin Ingila ya amince da ita shekara 560 kafin wannan lokaci. Ku duba fa, mutanen da suka ɗaura ɗamarar yaƙi da Ingila, hujjarsu takardar Ingila ce. Cewa suka yi su ma 'ya'yan Ingila ne, kuma ana tauye musu haƙƙin da kakanninsu suka bar musu.

A kan wannan zan gina maganata ta yau. Jiragen da suka kai Turawan Ingila gaɓar Amurka sun ɗauki iri da bindigogi da kayan aiki, amma kayan da ya fi ƙarko shi ne wata ɗabi'a da mutanen suka taso a cikinta: mai mulki ba ya sa hannu a aljihun mutum sai da yardar wakilansa, kuma ba a hukunta mutum sai bisa doka. Takardu sun taimaka, littattafan masana sun taimaka. Amma abin da ya raya ɗabi'ar shi ne aiki da ita shekara da shekaru a kan ƙananan abubuwa, kamar farashin taba da kuɗin gina ganuwa da albashin gwamna.

Mu fara daga tushe. A watan Yunin 1215, a wani fili da ake kira Runnymede a bakin kogin Thames, manyan hakiman Ingila suka ritsa Sarki John. Ya sha kashi a yaƙe-yaƙensa na Faransa, ya tatse su da haraji, yana kama wanda ya ga dama ya ƙwace dukiyarsa. Suka tilasta masa amincewa da jerin sharuɗɗa. Biyu daga ciki su ne suka yi nisa a tarihi. Na farko, ba za a ɗaure mutum mai 'yanci ko a raba shi da dukiyarsa ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Na biyu, akwai harajin da sarki ba zai ɗora ba sai ya nemi shawarar manyan ƙasa. Gaskiyar magana, hakiman nan kawunansu suke karewa, manomin da ke yi musu bauta a gona bai dame su ba. Kuma yarjejeniyar ba ta cika wata 3 ba Paparoma Innocent na 3 ya soke ta, ƙasa ta afka cikin yaƙi.

Abin da ya dawo da ita shi ne yawan bukatar kuɗi da ke kan sarakuna. A 1225 Sarki Henry na 3 ya sake tabbatar da ita domin a yarda masa ya karɓi haraji. Daga nan hanya ta buɗe. Sarki na son kuɗi, sai ya kira taro. 'Yan taro su baje kokensu, a share musu hawaye, sannan su saki kuɗi. A 1265 wani babban hakimi mai suna Simon de Montfort ya gayyato wakilan garuruwa cikin taron, a 1295 Sarki Edward na 1 ya yi haka shi ma. Ashe ke nan majalisar dokokin Ingila a ƙofar baitulmali aka haife ta. Masu sauraro, ku riƙe wannan, domin za mu riƙa cin karo da shi har ƙarshen shiri.

To, lokacin da Ingila ta fara kafa matsugunai a Amurka ya zo daidai da lokacin da wannan tsohuwar takaddama tsakanin sarki da majalisa ta fi zafi. A 1606 Sarki James na 1 ya ba kamfanin Bajiniya takardar izinin kafa matsuguni, a ciki kuwa ya yi alƙawarin cewa masu tafiya da 'ya'yan da za su haifa a can suna da haƙƙoƙi kamar a Ingila aka haife su. A 1607 aka kafa garin Jamestown. Yunwa da cuta suka riƙa cin mutane, kamfanin ya koma mulkin soja, masu sha'awar zuwa suka ja baya. Domin a jawo hankalin jama'a, sai kamfanin ya umarci sabon gwamna, George Yeardley, ya kira majalisa.

Ranar 30 ga Yulin 1619, a cikin cocin Jamestown, wakilai 22 suka zauna, biyu-biyu daga matsugunai 11, tare da gwamna da mashawartansa. Wanda ya shugabanci zaman, John Pory, ya taɓa zama ɗan majalisa a Landan, don haka ya tsara musu aiki yadda ya gani a can: aka tantance cancantar kowane wakili, aka kafa kwamitoci, aka karanta ƙudurori. Sun kafa dokoki kan caca da shaye-shaye da zaman kashe wando, sun ƙayyade farashin taba mai kyau a kan sule 3 kowace laba. Tsananin zafi ya kwantar da wasu, wakili ɗaya ya rasu, a rana ta 6 suka tashi. Zaman bai yi kama da wani babban abu ba. Amma shekara 5 kacal bayan haka, a 1624, wannan majalisa ta zartar da cewa gwamna ba shi da ikon ɗora haraji a kan kowa sai da izininta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A can arewa kuma, a watan Nuwamban 1620, jirgin Mayflower mai ɗauke da fasinjoji 102 ya iso gaɓar Cape Cod, nesa da inda takardar izininsu ta ambata. Wasu daga cikinsu suka fara cewa tunda an fita daga hurumin takarda, kowa gashin kansa zai ci. Kafin a sauka daga jirgi, maza 41 suka sa hannu a kan yarjejeniyar cewa za su haɗu su zama al'umma ɗaya, su kafa dokoki na adalci, su kuma bi su. Haka suka saba kafa ikilisiyoyinsu, ta hanyar alƙawari tsakanin masu ibada, sai suka ɗauko wannan al'ada suka kawo cikin sha'anin mulki.

A Ingila kuwa abubuwa sai ƙara rincaɓewa suke yi. Sarki Charles na 1 ya riƙa karɓar rancen dole, yana ɗaure waɗanda suka ƙi ba tare da tuhuma ba. Wani tsohon alƙali, Edward Coke, ya kakkaɓe ƙurar Magna Carta, ya nuna cewa doka tana sama da sarki. Da jagorancinsa majalisa ta miƙa wa sarki takardar koken haƙƙi a 1628: ba haraji sai da majalisa, ba ɗauri sai da dalili, ba a jibge wa mutane sojoji a gidajensu, ba a yi wa farar hula shari'ar soja a lokacin zaman lafiya. Sarki ya amince da baki, a 1629 ya sallami majalisa, ya yi shekara 11 yana mulki shi kaɗai. A cikin waɗannan shekaru ne kimanin mutum 20,000, akasarinsu 'yan ɗariƙar Furitan masu neman gyaran cocin Ingila, suka yi ƙaura zuwa Massachusetts da kewayenta. Da wannan gardama a bakinsu suka shiga jirgi.

Ba su daɗe da sauka ba suka juya ta kan shugabanninsu. A 1632 Gwamna John Winthrop da mashawartansa suka yanka wa garuruwa kuɗin gina ganuwa. Mutanen Watertown suka yi turjiya, limaminsu ya gargaɗe su cewa biyan kuɗin da ba su da baki a kansa zai jefa su da zuriyarsu cikin ƙangi. A 1634 wakilan garuruwa suka nemi a nuna musu takardar izinin da sarki ya bayar, suka karanta da idonsu, suka ga ashe ikon yin doka yana hannun dukkan 'yan ƙasa masu zaɓe. Daga wannan shekara kowane gari ya fara tura wakilansa. A 1641 suka rubuta kundin haƙƙoƙi, inda inuwar Magna Carta ta fito fili. Har wata ƙaramar shari'a ta taka rawa. Wata mata mai ƙaramin ƙarfi, matar wani Sherman, ta zargi attajiri Robert Keayne da yanka aladenta da ya ɓace. Shari'a ta yi ta tafiya har gaban babbar majalisa. Yawancin wakilan garuruwa suka bi bayan matar, yawancin manyan mashawarta suka bi bayan attajirin, aka shiga jayayya kan ko manya suna da ikon hawa kujerar na ƙi. A 1644 aka raba majalisar gida biyu, kowane ɓangare ya zauna daban, kamar yadda ake yi a Landan. Shekara 5 bayan haka, a 1649, labari ya iso cewa majalisar Ingila ta ci Sarki Charles da yaƙi, an gurfanar da shi, an fille masa kai.

Masu sauraro, mu ɗan bar batun haraji mu leƙa kotu, domin a can ma akwai gado mai nauyi. A al'adar Ingila ana zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shari'a, su ne za su ce mutum yana da laifi ko ba shi da shi. A 1670 aka kama William Penn, ɗan ɗariƙar Kwaka, da abokinsa William Mead, saboda Penn ya yi wa'azi a kan titi a Landan bayan hukuma ta garƙame ɗakin ibadarsu. Mutum 12 ɗin nan suka ƙi kama su da laifin da ake so. Alƙalai suka fusata, suka kulle su kwana 2 ba ci ba sha. Suka ƙeƙasa ƙasa. Aka ci su tara, wani daga cikinsu mai suna Edward Bushel ya ƙi biya, ya zauna a kurkuku, ya nemi a gurfanar da shi gaban babbar kotu. Babban alƙali John Vaughan ya yanke hukuncin cewa ba a hukunta masu taya alƙali shari'a saboda matsayin da suka ɗauka. Wannan William Penn ɗin shi ne a 1681 Sarki Charles na 2 ya ba wa yankin Fensilbaniya a madadin bashin da ake bin fada na mahaifinsa. Ya rubuta wa yankin tsarin mulki mai majalisar zaɓe da 'yancin addini da irin wannan shari'a da ta cece shi, kuma a 1687 ya sa aka buga Magna Carta a Filadelfiya domin jama'a su san haƙƙinsu.

An ga amfanin haka a New York a 1735. Gwamna William Cosby ya sa an tsare wani maɗaba'i haifaffen Jamus, John Peter Zenger, wata da watanni, saboda jaridarsa tana fallasa gwamna. A dokar wancan lokaci, sukar hukuma laifi ne ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. Lauya Andrew Hamilton ya taso daga Filadelfiya, ya fuskanci mutum 12 na gari, ya roƙe su su duba ko Zenger ƙarya ya buga. Suka wanke shi. Dokar ba ta canja a wannan rana ba, amma gwamnoni sun gane cewa gurfanar da mai suka a gaban maƙwabtansa ba abu ne mai sauƙi ba.

Mu koma baya kan batun haraji: babbar jarrabawa ta zo a zamanin Sarki James na 2. A 1686 ya haɗe yankunan arewa wuri guda ƙarƙashin gwamna ɗaya, Edmund Andros, ba tare da majalisar zaɓe ba. Andros ya taƙaita taron gari, ya ɗora haraji da kansa. A garin Ipswich, limami John Wise ya jagoranci ƙin biya a 1687, aka ɗaure shi aka ci shi tara. Sai ga shi a 1688 manyan Ingila sun gayyato Yarima William daga Holan, James ya tsere zuwa Faransa. Da labari ya iso Boston, ranar 18 ga Afrilun 1689, jama'a suka fito da makamai suka kama Andros suka kulle. A wannan shekara majalisar Ingila ta kafa dokar haƙƙoƙi: sarki ba zai dakatar da doka ba, ba zai karɓi haraji ko ya riƙe sojoji a lokacin zaman lafiya ba sai da yardar majalisa, zaɓe ya zama cikin 'yanci, ɗan majalisa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro, ba a tsawwala kuɗin beli, ba a yin horon ƙeta.

A 1689 ɗin nan ne kuma littafin John Locke kan mulki ya fito. Koyarwarsa a taƙaice ita ce, mutane suna da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa gwamnati. Da yardarsu suka kafa ta domin ta tsare musu waɗannan abubuwa. Mulki amana ne, wanda ya ci amana kuwa masu amana suna da ikon karɓe abinsu. Daga 1720 zuwa 1723 wasu marubuta biyu, John Trenchard da Thomas Gordon, suka riƙa buga maƙaloli a jaridun Landan suna gargaɗin cewa mai riƙe da iko kullum neman ƙari yake yi, sai an sa masa ido. A Ingila waɗannan muryoyin 'yan adawa ne. A Amurka kuwa jaridu suka yi ta maimaita su har suka zama abin da kowa ya yarda da shi.

Yanzu mu dubi yadda gwamnatin yanki take a aikace. Daga 1732, da aka ba da izinin kafa Jojiya, yankunan sun cika 13. Gab da juyin juya hali, 8 suna hannun sarki kai tsaye, 3 suna hannun iyalan da aka mallaka wa, wato Maryland da Fensilbaniya da Delaware, 2 kuma, Connecticut da Rhode Island, su suke zaɓen gwamnansu. Kusan ko'ina fasalin ɗaya ne: gwamna a madadin sarki, majalisar mashawarta a madadin majalisar iyayen ƙasa, majalisar zaɓaɓɓu a madadin majalisar wakilai ta Landan. A ƙasa kuma akwai gunduma da alƙalanta na sulhu a Bajiniya, da taron gari a arewa, inda magidanta ke haɗuwa su yanke shawara kan hanya da makaranta da kuɗin gari. A takarda gwamna yana da ƙarfi ƙwarai. Yana iya ƙin sa hannu a doka, yana iya rushe majalisa, abin da sarkin Ingila kansa ya daina yi da garaje. Amma a yankuna da yawa albashinsa yana hannun majalisa.

Ku ji abin da ya faru da Gwamna William Burnet. A 1728 ya iso Massachusetts da umarnin sarki cewa a yanka masa albashi na dindindin, fam 1,000 a shekara. Majalisa ta ce za ta ba shi kuɗi, har fiye da haka ma, amma kyauta ce ta shekara guda, baɗi a sake dubawa. Burnet ya ƙi karɓa. Ya ɗauke zaman majalisa daga Boston zuwa Salem domin ya gajiyar da su, ba su gaji ba. Ya rasu a 1729 ba a daidaita ba, daga baya Landan ta haƙura ta bar gwamnoni su riƙa karɓar na shekara-shekara. 'Yan majalisar sun san abin da suke karewa: gwamnan da ba ya bukatar su ba zai saurare su ba. Nisa ma ya taimake su. Tsakaninsu da Landan kimanin mil 3,000 ne, wasiƙa kan yi wata ɗaya da rabi ko biyu a hanya, kuma a zamanin firayim minista Robert Walpole, daga 1721 zuwa 1742, muddin ciniki na tafiya Landan ba ta cika matsa musu ba. A cikin irin waɗannan majalisu George Washington da Thomas Jefferson da Patrick Henry suka koyi siyasa tun kafin a yi maganar 'yancin kai.

Sai dai, jama'a, duk mai ba da wannan labari ya tsallake abin da zan faɗa yanzu bai yi adalci ba. A watan Agustan 1619, makonni kaɗan bayan tashin majalisar Jamestown, wani jirgi ya sauke 'yan Afirka 20 da 'yan kai a gaɓar Bajiniya aka sayar da su. Majalisun nan masu tayar da jijiyar wuya kan haƙƙi su ne suka rubuta dokokin bauta da hannunsu. Kundin haƙƙoƙin Massachusetts na 1641 ya halatta bauta. A dokar Ingila ta wancan lokaci ɗa matsayin ubansa yake bi, amma a 1662 majalisar Bajiniya ta juya abin, ta ce ɗa ya bi matsayin uwa, don duk abin da baiwa ta haifa ya zama dukiyar ubangijinta. A 1664 Maryland ta mayar da bauta ta har abada, a 1723 Bajiniya ta hana baƙar fata masu 'yanci jefa ƙuri'a. Shi kansa John Locke yana da hannu a tsarin mulkin Karolina na 1669 wanda ya ba iyayengiji cikakken iko kan bayinsu, kuma ya sa jari a kamfanin cinikin bayi. A 1731 aka kai Ayuba Sulaiman, wani Bafulatani mai ilimi daga ƙasar Bundu, gonar taba a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta ja hankalin wasu manya a Landan, aka tara kuɗi aka fanshe shi, ya koma gida a 1734. Kuɗi ne suka fitar da shi, babu wata dokar yankin da ta tsaya masa. Zuwa 1776, cikin mutum kimanin miliyan 2 da rabi, kusan ɗaya bisa biyar bayi ne. Mata ba su da ƙuri'a, wanda ba shi da fili ko dukiya haka, 'yan asalin ƙasar kuwa filayensu ne ake rabawa a cikin majalisun. Haƙƙi ya tsare waɗanda suke da kujera a zaure, waɗanda aka bari a waje kuwa da doka aka danne su.

To me ya raba uwa da 'ya'yanta? A 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara 7 da Faransa, ta ci nasara, amma bashin da ke kanta ya haura fam miliyan 120. Majalisar Landan ta ce mutanen Amurka su ɗauki rabonsu. A 1765 ta kafa dokar kan sarki: jarida da takardar kotu da lasisi har da karta, sai an biya haraji, wanda ya saɓa kuma ana iya kai shi kotun jiragen ruwa inda babu mutum 12 na gari. Haraji da shari'a, duka biyu aka taɓa a lokaci guda. Landan ta ce tun 1689 majalisa ce mai iko a kan dukkan daular, kuma tana wakiltar kowa, tunda manyan garuruwa irin su Manchester da Birmingham ma ba su da kujerun kansu. Mutanen Amurka suka ce wakilin da suka sani shi ne wanda suka zaɓa, yake zaune cikinsu, harajin da ya sa wa jama'a shi ma zai biya. Kowane ɓangare daga tarihi ɗaya yake ɗebo hujja. A Oktoban 1765 wakilan yankuna 9 suka taru a New York, 'yan kasuwa suka ƙaurace wa kayan Ingila. A 1766 aka soke dokar, amma a rana guda majalisa ta shelanta cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan komai.

A 1767 aka ɗora haraji kan gilashi da fenti da takarda da ganyen shayi, da nufin a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai daga kuɗin. Ku tuna da Burnet, za ku gane dalilin tashin hankalin jama'a: igiyar da suka riƙe gwamna da ita shekara da shekaru ake son tsinkewa. A Disamban 1773 aka zubar da akwatunan shayi 342 a tashar jiragen Boston. A 1774 Landan ta rufe tashar, ta sauya tsarin mulkin Massachusetts, ta hana taron gari sai da izinin gwamna in ban da na shekara. A cikin majalisar Landan ma an samu masu jan kunne. A 1775 Edmund Burke ya tunatar da 'yan'uwansa cewa mutanen nan jinin Ingila ne, a kan haraji suka gaji ƙaunar 'yanci, kuma littattafan shari'a na William Blackstone ana sayen su a Amurka kusan kamar yadda ake saye a Ingila. Aka yi kunnen uwar shegu da shi. Ranar 4 ga Yulin 1776 aka ayyana 'yancin kai. Gabatarwar takardar shelar tunanin Locke ne, jerin laifuffukan Sarki George na 3 da ke cikinta kuma ya bi sawun jerin da majalisar Ingila ta yi wa James na 2.

Ko bayan rabuwa gadon bai yanke ba. Tsarin mulkin 1787 ya ce ƙudurin haraji daga majalisar wakilai zai fara, ya kuma tsare haƙƙin wanda aka kulle na a kai shi gaban alƙali. Gyare-gyaren 1791 sun hana jibge sojoji a gidajen mutane, sun hana tsawwala beli da horon ƙeta. Abin da suka ƙara na kansu shi ne darasin da suka koya da wuya, cewa majalisa ma tana iya zalunci, don haka suka rubuta kundi guda suka ɗora shi sama da kowa, har da ita.

Wannan tarihi ya taɓa mu. Ingilar da ta bar 'ya'yanta na Bajiniya su kafa majalisa a 1619 ba ta yi wa talakawanta na Afirka haka ba. A 1920 'yan boko na Afirka ta Yamma suka taru a Akara suna neman wakilai na zaɓe da iko kan haraji, hujjar da aka kafa a Watertown ita suka kafa. A Najeriya sai a tsarin mulkin 1922 aka samu kujerun zaɓe 4, uku a Legas ɗaya a Kalaba, ga masu samun fam 100 a shekara, Arewa kuwa gwamna ne ke yi mata doka shi kaɗai har zuwa tsarin 1946. A 1960 Najeriya ta ɗauki salon majalisar Ingila, a 1979 ta koma salon shugaban ƙasa irin na Amurka. Ta kowace fuska aka duba, reshen wannan tarihi ne muke zaune a kai.

Don haka darasin namu ne. Kundin tsarin mulki muna da shi, majalisu muna da su tun daga ƙaramar hukuma har tarayya. Abin tambaya shi ne ko wakilin da muka tura yana karanta kasafin kuɗi layi-layi kafin ya ɗaga hannu, ko yana iya ce wa gwamna a dakata sai an kawo bayanin na bara, kuma ko mu da muka tura shi muna kiransa ya zo ya yi mana bayani. Sannan mu duba su wa muka bari a wajen zaure, domin wanda ba a ji muryarsa wurin yin doka ba, shi doka ta fi faɗa wa. Mutanen da muka ba da labarinsu sun shafe fiye da shekara 150 suna wannan aiki mai gajiyarwa kafin su iya tsayawa da ƙafafunsu, kuma rabin aikin da suka ƙi yi ya jawo wa jikokinsu yaƙin basasa a 1861. Mu ɗauki na farkon da gaske, mu guje wa na biyun.

A nan za mu dasa aya.